Mayafin Surukata

Shekarun baya masu nisa, lokacin ana tsakiyar ginin madatsar ruwa ta Rusairis, ni kuma ina sabon ango a wani ƙauyenmu na Hausawa kusa da Hasahisa, na taɓa shiga gari da rana tsaka sanye da mayafin surukata, ba komai a ƙarƙashinsa. Abin ya kusa raba ni da garin, ya kusa raba matata da uwarta. Ku daure ku ji yadda aka yi kafin ku fara dariya.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ke riƙe da zaribar jakuna a bakin gari. Shingen ƙaya ne mai faɗi, da rumfar kara a tsakiya. A wancan zamani mutanenmu na tahowa daga yamma a ƙasa za su Makka, jakuna na ɗauke da kaya da yara. In sun iso Jazira, wato wannan yanki namu na noman auduga, sai su yi kaka ɗaya ko biyu suna tsinkar auduga, su haɗa guzuri, su hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku. To jaki ba ya hawa jirgi. Mai sauran ƙarfi a kai shi kasuwa. Wanda hanya ta cinye kuwa, mai gyambo a baya, mai ɗingishi, wanda haƙoransa suka ƙare, sai a kwance masa igiya a bar shi da kuraye. Inna ce ta fara tsinto su. Ita ma a kan jaki ta zo ƙasar nan tana amarya. Mijinta ya wuce gaba ya rasu a hanya, ya bar ta da cikin matata da kuma jakar da ta kawo ta, wadda ake kira Basakkwata. Lokacin da na san Basakkwata ta tsufa tukuf, idanunta duka sun mutu.

Gari kuma ya ɗauki abin kamar nasa. Duk wanda ya yanke lubiya, wani irin wake, ko karan dawa a hawasharsa, wato gonar da yake riƙe da ita, sai ya ware dami guda a bakin hanya, kowa ya san na zariba ne, ko ɓarawo ba ya taɓa shi. Mata in sun yi surfe su tara dusa, Inna ta zagaya da ƙwarya ta karɓa. Maƙerin gari yakan zo bayan sallar Juma'a ya gyara musu kofato. Har Larabawan ƙauyen da ke gabas da mu, in jakinsu ya karye, nan suke jawo shi, su haɗa da ɗan hatsi. Shayarwa kuma juyi ake yi. Akwai wata doguwar igiya da ke yawo gida gida, duk wanda ya wayi gari ya gan ta rataye a ƙofarsa, ranar shi zai kai jakuna tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki. Doka ɗaya ce: ba a hawansu, ba a ɗora musu ko tsinke. Inna takan ce, “Sun gama tahiyassu, a ƙyale su.”

Ita kanta aikinta ba ya ƙarewa. Da hantsi ta wanke gyambuna da ruwan gishiri, ta shafa man riɗi, ta ɗaure da tsumma saboda ƙuda da hankaki. Marasa haƙori ta jiƙa musu dusa ta ba su da hannu, tana yi musu faɗa kamar jikoki.

Ni baƙo ne a garin, tsinkar auduga ta kawo ni, aure ya zaunar da ni. Kuma ina da kunyar surukai wadda ta wuce ta mutane. Kowa ya san ba a cin abinci gaban suruka, ba a haɗa ido da ita, ba a kama sunanta. Ni nawa ya zarce nan. In na hango ta a kan hanya sai in faɗa gonar mutane, in tsuguna kamar mai neman abin da ya faɗi. In kuma hanya ta matse, in cire takalmi tun daga nesa in durƙusa, gaisuwar ma a ciki nake yin ta. Ita ma ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In tana da saƙo sai ta juya wajen jaki ta ce, “Kai, hwaɗa ma mutanen gidan can rumhwa na yoyo.” Ni kuma in amsa wa jakin, “To, an ji.” Haka muke zaune lafiya lau, kuma a raina ina ganin duk garin ba surukin da ya kai ni ladabi.

Duk sanda igiya ta zo ƙofata, abokina nake miƙa wa, ni kuma in yi masa wuni guda a gonarsa. Dalili shi ne Inna ba ta barin Basakkwata ta je ruwa ba ita, dole mai shayarwa ya yi tafiya tare da ita. Rannan, cikin ɗari, ana tsakar tsinkar auduga, na buɗe ƙofa na ga igiya, na je gidan abokina aka ce ai ya ƙetare kogi tun da sassafe, ya tafi kasuwar Rufa'a. Na zagaya neman wani, kowa yana gona. Matata, da cikinta ya soma nauyi, ta dube ni ta ce, “Innata dai ba kura ta ba. Tahi mana.”

Na tafi. Na kora jakuna na yi gaba da nisa, Inna na baya da Basakkwata, hannunta a wuyan jakar, tana lulluɓe da shuɗin mayafinta, irin dogon nan da matan ƙasar ke kira tob. Ashe ba a daɗe da yashe tur'ar ba, an tara laka a gefe, sama ta bushe, ƙasa ɗanya. Ni da nake ta sauri don kar mu jera, sai na bi da su ta gajeriyar hanya kusa da ƙofar ruwa, inda ya fi zurfi. Ban ankara ba na ji salati a bayana. Ina waiwayawa na ga gefen ya zabtare, Basakkwata na cikin ruwa, hancinta kawai ke sama, ruwa na jan ta zuwa ƙofar.

Duk namijin da ya san tur'a, in zai shiga, tuɓewa yake ya ɗaura ɗan bante. Ni ina zan tuɓe gaban Inna? Na faɗa da rigata da wandona, irin mai faɗin nan na da. Nan take ya cika da ruwa da laka, ya zama kamar an ɗaura mini buhu a kowace ƙafa. Na dai kai ga jakar. Igiya ta ƙi zama a jikinta, tana zamewa, dole na cire rigata a cikin ruwa na zagaya ta ƙarƙashin ƙirjinta, na ƙulla da igiyar, na jefa wa Inna ɗaya bakin. Tana ja tana kiran sunanta, ni ina turawa ta baya, muna neman mashaya inda gefen ya kwanta. Cikin wannan kokawa Basakkwata ta kai shuri, kofatonta ya maƙale a zariyar wandona. Na ji wani ɗan ƙas. Hannuwana duka biyu na ƙarƙashin jaka, in na saki ta tafi. Ina ji ina gani wandona ya sulale, ya yi sallama da ni, ya bi ta ƙofar ruwa ya tafi shayar da audugar wani.

Jaka ta fita. Ta tsaya a tudu tana rawar ɗari, rigata ta zama tsumma a ƙirjinta, ta yage gida biyu. Ni kuwa na koma inda ruwa ya kai mini wuya na tsaya.

Inna ta goge wa jakar fuska, ta duba ƙafafunta, sannan ta ce, “Basakkwata, ce ma bawan Allah shi hito. Ruwan ga na sa tsargiya.”

Na ce, “Basakkwata, ce ina ɗan wanka na.”

Haƙorana na kaɗawa har ina jin ƙararsu. Can ta sake cewa, “Ce mai wankan ya isa haka nan, sanyi ya yi yawa.”

Na ce, “Ce a yi gaba, ina tahe.”

Ban ɗaga kai ba, amma ta wutsiyar ido na ga lokacin da ta gane. Ta dubi rigar da ke jikin jakar, ta dubi ƙofar ruwa, ta yi wani ɗan tari. Ta juya mini baya, ta warware mayafinta, ta rataye shi a kan wata ƙaya, ta tattara jakuna ta nufi gari daga ita sai zane da ɗan kallabi. Tsohuwar da tun da aka san ta ba wanda ya taɓa ganin kafaɗarta a waje.

Na fito na naɗe jikina tun daga kai har ƙauri, na bar ido ɗaya. Dabarata in bi ta gonaki in shiga gida ta baya. Na manta lokacin tsinka ne, duk matan gari suna cikin gonakin nan. Kuma mayafin Inna ba wanda bai san shi ba, da facinsa na gefe. Ina shiga layi sai gaisuwa ta ko'ina. “Inna, barka da rana.” “Inna, ya jakuna?” Ni dai sai gyaɗa kai nake ina ƙara sauri, har na fara sa ran tsira. Sai ga wata tsohuwa, ƙawar Inna, ta taro ni da ɗan ƙunshin ganyen lubiya, wai in kai wa marasa haƙori. Ta miƙo, idonta ya sauka ƙasa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da ƙarfi, “Ya salam! Inna, yaushe ƙahwahunki sunka yi gashi haka?”

Ban san wadda ta fara guɗa ba. Na dai san na tattare mayafi na zuba a guje, kuma na gano ranar cewa gudu da tob sai wanda ya saba. Faɗuwata biyu kafin gida, na biyun a gaban masallaci.

Na shiga ɗaki na ce zazzaɓi nake. Mayafin kuwa, da lakarsa da komai, na cusa shi ƙarƙashin shimfiɗa, ko kallonsa ba na son yi. Abokina ya dawo daga Rufa'a ya zo dubiya, ya tsaya daga ƙofa ya maƙale murya ya ce, “Salamu alaikum, Inna na ciki?” Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya ga ban taya shi ba, ya ce, “Ya zol, ma'alesh, yi haƙuri abokina. Kai hwa jaka kac ceta, ba sata kay yi ba.” Na ce masa ni na gama zama a garin nan. Yaya zan sake durƙusawa gaban matar da ta san abin da ya same ni a ruwa? A bakinsa na ji ana ɗibar leburori zuwa aikin madatsa a Rusairis, mota na tsayawa a bakin titi ranar kasuwa. Na ƙudura zan bi ta, in na sami ɗaki in aiko a kawo mini matata.

Da na gaya wa matata, ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “In bar Innata da wa? Ni kaɗai gare ta. Kuma haihuwar hwari a ɗakin uwa aka yin ta, ka sani.”

Na ce miji ake bi. Na faɗa da ƙarfi, don na san ba ni da gaskiya.

Ta ce, “To na ji. Mayahin hwa? Shi ke nan gare ta, ba ta da wani.”

Na ce ta ɗauka ta kai mata, kar ta ƙara yi mini zancensa.

“Tun ranar na ce mata za ni karɓo mata shi,” in ji ta. “Ta ce wane mayahi? Ita ba ta ba kowa mayahi ba, nata ruwa yat tahi da shi. Duk wadda tac ce ta gane ka cikinai, sai ta ce mata rana ta buge ta. Har ƙawatta ta yi ma hwaɗa. Yanzu in na kai mata, na ƙaryata ta ke nan. Na ba ta nawa ta ƙi, wai mai ciki ba ta zama cikin ɗari. Maƙwabta sun ba ta aro, ta ce ba ta kai kayan mutane cikin kashin jakuna.”

Wato ita ba za ta tambaya ba don kar ta kunyata ni, ni ba zan mayar ba don ina jin kunyarta, mayafi kuma yana ƙarƙashina ina kwance a kai. Na ji maganar, amma ba ta shige ni ba. Kaina kawai nake ji. A ganina duk duniya ba wanda ya shiga uku sai ni.

Ranar kasuwa na yi sallar asuba, na ɗaure 'yan kayana, matata ta juya fuska bango ta ƙi yi mini sallama. Na bi ta bayan gari don kar in haɗu da kowa, hanyar kuma ta bayan zariba ta wuce. Gari ya fara haske, ɗari kamar ya tsaga fata. Ta tsakanin ƙaya na hango Basakkwata kwance a ƙarƙashin rumfa. Ashe tun ranar da ta faɗa ruwa sanyi ya kama ta, in ta kwanta ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, jaki kuwa in ya daɗe a kwance ba ya tashi kuma. Kusa da ita ga Inna, ta yafa tsohon buhun auduga a ka, ta ɗaure shi da igiya a ƙirji. Ta sa kafaɗa ƙarƙashin wuyan jakar tana turawa, ta zame ta faɗi a gwiwa, ta yi tari mai tsawo, ta sake tashi. Ba ta san da kowa a wurin ba. Na ji tana cewa, “Tashi mana, tsohuwar banza. Kar ki mutu mini yanzu. In kin mutu, yaron ga za shi ce a banza yas sha kunya.”

Wallahi kunyar da na ji a tur'a wasa ce a kan wadda na ji a bayan shingen nan. Na tsaya da ƙullin kayana a hannu, ƙato da ni, ina shirin gudu daga dariyar mata, ita kuma tana yawo gida gida karɓar dusa cikin buhu saboda ni, ba ta fasa ko rana ɗaya ba. Na fasa zuwa titi.

Na koma gida, na zaro mayafin, na kai shi tur'a na wanke a bainar jama'a, na shanya na zauna ina gadinsa. Masu wucewa suka yi ta tsokana, wani ya ce amarya ana wanki, na ce eh. Da ya bushe na ninke, na ɗora a tafin hannu biyu, na bi ta tsakiyar gari. Na cire takalmi a ƙofar zariba na durƙusa. Ba jakin da ke kusa da zan yi magana ta bakinsa, kuma ban nema ba.

Na ce, “Inna, ga mayahinki.”

Ta dube shi, ta dubi gefe, ta ce, “Ikon Allah. Ruwa ya maido shi?”

Na ce, “Ba ruwa na ba, Inna. Ni na. Wurina yake tun ranar. Ki gahwarce ni.”

Ta karɓa, ta kwance buhun ta yar, ta lulluɓa a hankali, ta gyara bakinsa a ka. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta dube ni cikin ido.

“An ce za ka Rusairis.”

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

“To ji nan. Ni ban haihi namiji ba, Allah bai ba ni ba. Amma wanda duk nit tuɓe nir ruhe ma tsiraici, ni na haihe shi, halas, magana ta ƙare. Kuma ba ɗan hwari ba, balle in ji kunyarka. Auta kake. Tashi ka kama wutsiya, ni in kama kai.”

Na tashi na kama wutsiya, hawaye na zuba, ina kawar da fuska wai kar ta gani. Muka ɗaga Basakkwata ta tsaya da ƙafafunta. Inna ta shiga rumfa ta fito da kisra, wato siririyar wainar dawa, da miya a kwano ɗaya, ta ce in sa hannu. Loma ta farko da ƙyar ta wuce, amma ta wuce. Motar Rusairis ta tafi ba ni. Matata ta haihu a ɗakin uwarta, jakar kuma ta ƙara damina biyu a duniya. Daga ranar kullum da safe ni ke zuwa ɗagawa, ko igiya na ƙofata ko ba ta nan, har zaribar ta dawo hannuna bayan rasuwar Inna.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba, da ita aka rene mu, kuma ina son ganinta wurin yaro. Amma tawa ta lokacin, da na zauna na auna ta, rabinta ladabi ne, rabinta son kai. Ina ta tsaron fuskata, ban taɓa tambayar wa ke biyan kuɗin tsaron ba.

Na sha ba da labarin nan a wurin biki da hira, mutane su yi dariya har su riƙe ciki, ni ma in taya su. Amma kullum a kan gudun da na yi cikin gonar auduga nake tsayawa. Zancen buhu ban taɓa iya faɗarsa da baki ba, in na zo wurin muryata ke ƙin fita. Tsohuwa ta kwana da tari cikin ɗari, mayafinta na ƙarƙashin shimfiɗata, ni ina kwance a kai ina jin tausayin kaina. Ita ta yafe tun ranar, ta ma ce ba abin yafewa. Ni ne dai har yau, da furfurata da komai, in na tuna sai na sunkuyar da kai.